An Tura Ni Abuja Kuma Babu Gida a Bariki: Mararaba, Kubwa ko Kuje?

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ni kyaftin ne a rundunar sojan ƙasa. Sigina ta fito, an ɗauke ni daga Sakkwato zuwa wani ofishi da ke cikin barikin Mogadishu a Abuja. Na tuntuɓi wanda zan canza, ya ce in cire rai da samun gida a bariki nan kusa, layin da tsawo. Ina da mata da yara uku, biyu suna firamare, ƙaramar tana goye. Motata ɗaya ce. Abokina ya ce in kama haya a Mararaba saboda sauƙi. Yayar matata tana Kubwa, tana so mu zo kusa da ita. Wani dillali kuma ya turo min hoton gida mai ɗaki uku da tsakar gida a Kuje, kuɗinsa bai kai na ɗaki biyu a Kubwa ba, har ya ce akwai fuloti na sayarwa in ina so. Wanne zan ɗauka? Kuma in taho da iyali yanzu ne ko in dakata?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa canjin nan ya zame maka alheri. Na yi shekaru a ɓangaren gudanarwa kafin in ajiye kaki, kuma rabon gidaje da sauraren koken waɗanda ba su samu ba suna cikin abin da ya riƙa bi ta teburina, a Kaduna da nan Abuja. In na fahimce ka, abu uku ke janka, kowanne ta nasa gefen: aljihu na cewa Mararaba, zumunci na cewa Kubwa, ido kuma ya ga fili a Kuje. Amma akwai abin da ba ka ambata ba, kuma shi ne zai fi damunka da zarar ka kama aiki: ƙarfe nawa ake son ganinka a bakin aiki, kuma minti nawa za ka yi kafin ka iso in aka buga maka waya da tsakar dare. Soja a Abuja hanya yake fara zaɓa, sannan ya nemi gida a kanta.

Wanda za ka canza gaskiya ya faɗa maka. Tun da aka dawo da fadar gwamnati daga Legas a watan Disamba na 1991, hedikwatar tsaro da ta sojan ƙasa da ta ruwa da ta sama duk suka tare a Garki, ga rundunar tsaron shugaban ƙasa, ga ofisoshi da ake ta ƙirƙira shekara bayan shekara. Barikokin da ke cikin gari, wato Mogadishu da Mambilla da Niger da Aguiyi Ironsi a Asokoro, da Lungi a Maitama, ba su ƙaru daidai da yawan mutanen da ake turowa ba. Ga kuma waɗanda aka canza wa wurin aiki amma iyalansu na nan cikin gidajen saboda makarantar yara ko saboda maigidan yana fagen daga. Haya kuwa a Asokoro ko Maitama ko Wuse ba ta albashin kyaftin ba ce. Shi ya sa kai da ma'aikacin gwamnati da ɗan kasuwa kuke haɗuwa a garuruwan gefe, ku kwararo cikin gari da safe, ku kwarara waje da yamma, a kan manyan hanyoyi uku kacal.

Hanyoyi uku, ƙofa ɗaya

Hanya ta farko ita ce ta Keffi, wadda ta taso daga Masaka da Ado ta bi ta Mararaba, Nyanya, gadar Karu, ta hau tudun Kugbo, ta wuce ta gaban barikinku ta faɗa mahaɗar AYA da ke Asokoro. A taswira babu wanda ya fi na wannan hanya kusa da kai, domin daga Mararaba zuwa ƙofar Mogadishu bai wuce kilomita goma sha wani abu ba. Matsalar ita ce, duk jama'ar da ke kwana a ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa suna aiki a Abuja ta nan suke bi, kuma mutanen Jikwoyi da Kurudu da Orozo da Karshi su ma nan suke fitowa su haɗe. Wanda ya bar Mararaba da ƙarfe 5:30 na asuba yana iya isa bariki cikin rabin awa ko ƙasa da haka. Wanda ya tsaya har bakwai saura, musamman ranar Litinin, yana iya cin awa ɗaya da rabi ko biyu a hanyar nan tamkar ba ita ce ya bi jiya ba. Da yamma kuma gosulon yakan fara tun daga Kugbo, ya sake kamawa a Nyanya, ya kuma kama a cikin Mararaba inda motocin haya da masu talla suka cinye rabin titi.

Abin da ya fi tsawon lokacin muni a wurin soja shi ne rashin tabbas. Kana iya shirya rayuwarka a kan tafiyar minti 50 in ka san kullum minti 50 ce. Ba ka iya shirya ta a kan tafiyar da yau minti 25 ce, gobe awa biyu. Tirela ɗaya ta lalace a hawan Kugbo, shi ke nan an kashe safiyar kowa. Bayan bama-baman da suka tashi a Nyanya ranar 14 ga Afrilu da 1 ga Mayu na 2014, shingen bincike da aka kafa a wannan hanya ya sa mutane suka riƙa shafe awoyi a layi, har da sojojin da ke zaune a waje. A watan Maris na 2025 wata babbar mota ta ƙwace kusa da gadar Karu, wuta ta tashi, motoci da dama suka ƙone, aka rasa rayuka. Duk ranar da irin wannan ta faru, mutumin Mararaba ba shi da wata hanya ta biyu ta kirki. Hanyar Apo zuwa Karshi da aka ce za ta rage wannan nauyi, tun 2011 aka ba da kwangilarta, aka shafe fiye da shekara goma ana jiranta. Kada ka kama gida a kan alkawarin hanya. Wadda tayarka za ta taka gobe da safe ita ce taka.

Akwai dabara ɗaya a wannan ɓangare da baƙi ba su cika sani ba. Cunkoson ba daidai yake ba a duk tsawon hanyar. Wanda ke Karu Site ko cikin Nyanya, a ɓangaren Abuja kafin a tsallaka iyakar Nasarawa, ya riga ya tsere wa mafi munin wuraren. Yana hawa babban titi ne a kusa da gadar Karu, abin da ya rage masa hawan Kugbo ne kawai. Haya a can ta fi ta Mararaba tsada, gidajen kuma da yawa tsofaffi ne, amma mintunan da kake saye da wannan ƙarin kuɗi mintuna ne masu daraja.

Hanya ta biyu ita ce ta Kubwa, wato babban titin Murtala Mohammed da ya taso daga Zuba ya bi ta Dei-Dei, Kubwa, mahaɗar Dutse, Gwarimpa, Katampe, ya zagaya ta bayan Maitama ya sauka AYA. Daga Kubwa zuwa wurin aikinka kusan kilomita 30 ne, ninki biyu na Mararaba ko fiye. Sai dai titi ne mai faɗi, mai hannu goma a mafi yawan tsawonsa, kuma babban abin da ya dace da kai shi ne ba ya shiga da kai tsakiyar gari. Gefe yake bi ya ajiye ka kusa da ƙofar bariki. Yana da nasa wuraren cunkoso, musamman wajen fitowa daga cikin Kubwa da mahaɗar Dutse da Gwarimpa, amma a abin da na gani, wanda ya fita da ƙarfe 6 ya fi na Mararaba sanin lokacin da zai isa. In kuma titin ya toshe, akwai hanyar da za ka zame ta cikin Gwarimpa ko ta Karmo da Life Camp. Haɗarinsa gudu ne. Titi mai kyau yana ruɗin wanda ya makara, kuma na halarci jana'izar da ba ta kamata a yi ba saboda haka. Jirgin ƙasan cikin gari da aka farfaɗo da shi a watan Mayu na 2024 yana zuwa Kubwa, amma ta Idu yake bi ya ƙare a tsakiyar gari, nesa da inda kake aiki. Kada ka sa shi a lissafin zuwa ofis.

Hanya ta uku ita ce ta filin jirgin sama, titin Umaru Musa 'Yar'aduwa, wadda mutanen Lugbe da Kuje da Gwagwalada ke bi. Ita ma mai faɗi ce. Da a ce a barikin Muhammadu Buhari da ke Giri aka ajiye ka, ko kai sojan sama ne da ke aiki kusa da filin jirgi, da na ce ka je ka duba gidan Kuje da idon basira. Da a hedikwata da ke Area 7 a Garki kake, da na ce ka duba Lugbe. Amma kai Mogadishu za ka. Daga Kuje sai ka fito babban titi, ka wuce Lugbe, ka shiga ta ƙofar gari, sannan ka keta Abuja daga wannan gefe zuwa wancan. Fiye da kilomita 40 ke nan zuwa kawai. Ban taɓa ba wani shawarar ya zauna a gefen gari ɗaya yana aiki a ɗaya gefen ba, kuma ba zan fara da kai ba.

Kuɗin da dillali ba ya faɗa

Kafin 29 ga Mayu na 2023, lokacin da aka cire tallafin mai, lita ba ta kai naira 200 ba, kuma mutum na iya cewa nisa ba komai ba ne in dai gida ya yi arha. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, a ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Tun daga nan nisa ya zama haya ta biyu da ake biya kowane mako a gidan mai.

Ga yadda nake sa mutane su yi lissafin. Mu ɗauka motarka tana cin lita ɗaya a kilomita 10, kana zuwa aiki kwana 22 a wata, mu kuma ɗauki lita a naira 900 don misali, kai sai ka sa farashin ranar da kake karantawa. Daga Kuje, in muka ce kilomita 45 zuwa, 45 dawowa, kana yin kusan kilomita 2,000 a wata, lita 200, naira 180,000. A shekara ya haura miliyan biyu. Daga Kubwa, kilomita 60 a rana, lita 132 a wata, kusan naira 119,000. Daga Karu Site, ko da mun ƙara abin da gosulo ke ƙonewa a tsaye, da wuya ka wuce naira 50,000 zuwa 60,000. Ban sa taya da birki da juyen baƙin mai ba, ban kuma sa ranakun Asabar da Lahadi da za a neme ka ba, kuma za a neme ka. Yanzu ɗauki wannan ka ɗora a kan kuɗin hayar kowane gida, sai ka ga wanne ne mai arha da gaske. Sau da yawa gidan da ya fi kowanne sauƙi a hoto shi ne ya fi kowanne tsada a ƙarshen shekara.

Ka tambaya ko ofishinku yana da bas ɗin ma'aikata, da unguwannin da yake bi. In akwai, zama kusa da inda yake tsayawa zai bar wa iyali motar a wasu ranaku. Haka nan hafsoshi biyu ko uku da ke unguwa ɗaya sukan yi karo-karo su riƙa fita a mota guda. Ranar da mota ta ƙi tashi kuwa, ka tuna an hana acaba shiga tsakiyar Abuja tun 2006, kuma 'yan wan-cans, wato 'yan fashin da ke fakewa da motar haya, sun fi farauta da asuba da bayan magariba, daidai lokacin da kake kan hanya. Ka shiga mota a tasha, kada ka tare ta a bakin titi. Game da kuɗin sauka da na haya da ya kamata a ba wanda bai samu gida a bariki ba, ka je ofishin kuɗi ka ji abin da ya hau kanka, ka cike takardun da wuri, amma kada ka yi wa mai gida alkawari da kuɗin da bai shiga asusunka ba tukuna.

Gidan da zai zauna ba ka nan

Nan ne nake so ka fi tsayawa, domin nan ne aikinmu ya bambanta da na kowa. Ma'aikacin banki in ya kama gida, ya san zai kwana a cikinsa kusan kowane dare. Kai kyaftin ne. Kwas na jiranka a Jaji, ana iya ɗaukarka a haɗa da wata tawaga zuwa arewa maso gabas ko Zamfara, ana iya tsare ku a bariki kwana da kwanaki lokacin zaɓe ko zanga-zanga. Matarka da yara uku su ne ainihin masu zama a gidan nan. Saboda haka duk gidan da aka nuna maka, ka tambayi kanka: in na yi wata huɗu ba na nan, kuma motar tana ajiye ko tana wurina, yaya rayuwa za ta tafi a nan?

Fara da ruwa. Wasu sassan Kubwa suna samun ruwan famfo daga madatsar Usuma, amma ba kowane layi ba, don haka ka buɗe famfon da hannunka, ka kuma tambayi maƙwabciya, ba dillali ba. A mafi yawan Mararaba burtsatse ne ko 'yan ga-ruwa, kuma a watan Maris da Afrilu, lokacin da rijiyoyi ke ja baya, kuɗin kura yakan tashi. Gida mai goyo yana shan ruwa fiye da yadda namiji ke zato. In burtsatse ne, wa ke biyan kuɗin wutar da ke jan ruwan, wa ke gyara injin in ya ƙone? Sai wuta. Kamfani ɗaya ne, AEDC, ke ba Abuja da Nasarawa, amma layi ya bambanta da layi. Ka nemi gida mai mita ta kati wadda taka ce kai kaɗai, ka duba ko akwai tsohon bashi a kanta, ka kuma tambayi rukunin da layin yake, domin tun Afrilun 2024 'yan rukunin A suna biyan kuɗi mai yawa fiye da saura. Mita ɗaya tsakanin gida huɗu rigima ce da za ta tashi ranar da ba ka nan, a bar matarka da ita.

Sai makaranta. Da yawa daga cikinmu suna son makarantun da ke cikin bariki saboda tarbiyya da sauƙin kuɗi, kuma suna da kyau. Amma ka yi tunanin abin da hakan ke nufi ga yaro ɗan shekara shida da ke zaune a Mararaba ko Kubwa: a tashe shi ƙarfe 4:30, a yi masa wanka yana gyangyaɗi, ya yi barci a bayan mota, a tashi makaranta da rana ya zauna jiran uba har yamma, ya dawo gida bayan magariba, babu Islamiyya, babu wasa. Na ga yaran da aka yi wa haka, kuma ba na sha'awar ganin naka a cikinsu. Ranar da aka tura ka wani wuri ma, wa zai kai su? Ɗan firamare makarantarsa ta kasance inda uwarsa za ta iya kai shi da ƙafa ko da Keke Napep cikin minti goma. In sun kai sakandare sai a yi wata magana.

Asibiti ma haka. Akwai asibitocin soja a Asokoro, amma zazzaɓin yaro da ƙarfe biyu na dare ba ya jiran a keta gari. Kubwa na da babban asibitin gwamnati, Nyanya ma na da shi. Ka je ka sauya rajistar iyalinka ta inshorar lafiyar sojoji, wato DHML, daga Sakkwato zuwa inda za su iya kaiwa, tun kafin buƙata ta taso.

Yanzu ga maganar yayar matarka. Kada ka ɗauke ta maganar mata kawai. A bariki, in maigida ya tafi, akwai magajiya, akwai matan abokan aiki, akwai mai gadi a ƙofa, akwai wanda zai ɗauki mara lafiya a motarsa ba tare da an roƙe shi ba. Duk wannan kake rasawa ranar da ka zauna a waje, kuma kuɗi ba sa sayensa. 'Yar'uwa ta jini a unguwa ɗaya ita ce abin da ya fi kusa da maye gurbinsa. Sai dai ka tabbata kusa ɗin kusa ne. Kubwa gari ne babba, wanda ke wani lungu can ciki da wanda ke bakin babban titi suna iya yin wata ba su ga juna ba.

Tsaro da kaki

Bakin gari, inda gidaje ke ƙarewa daji da duwatsu su fara, nan ne haya ta fi sauƙi, kuma nan ne masu garkuwa da mutane suka fi samun hanyar shiga da fita. A farkon 2024 an sha fama da su a yankin Bwari da gefen Dutse. A watan Yulin 2022 aka fasa gidan yarin Kuje. Wannan ba ya nufin garuruwan nan gaba ɗaya ba sa zaunuwa, dubban mutane na zaune lafiya a cikinsu. Abin da nake nufi shi ne ka nemi tsakiyar jama'a, layin da ya cika, mai ƙofa da 'yan banga, kada ka zama gidan ƙarshe kafin dutse. Ka je unguwar da daddare ka gani da idonka. In an samu ruwan sama, ka koma ka ga hanyar da magudanar, ka duba jikin katanga ko akwai layin da ambaliya ta bari. Abin da ya faru a Lokogoma da rukunin gidajen Trademore a Lugbe ya isa ya koya wa kowa cewa fenti mai kyau ba ya hana ruwa shiga.

A cikin unguwa ka rage nuna kanka. Kada a shanya kaki a waje, kada a cika mota da tambarin soja, yara kuma a koya musu kada su riƙa faɗin inda babansu ya tafi. Sannan in saɓani ya shiga tsakaninka da mai gida ko ma'aikatan wuta ko maƙwabci, ka bar kaki a cikin ɗaki. Takardun ƙorafi irin waɗannan sun sha zuwa teburina, kuma ko da sojan ne mai gaskiya, sunansa ne ke shiga fayil.

Dillali, yarjejeniya da fuloti

A Abuja shekara guda ake biya gaba ɗaya, wasu masu gidan ma su ce biyu. A kan haka akwai la'adar dillali, wadda galibi kashi goma cikin ɗari ce, da kuɗin lauya, da kuɗin ajiya na abin da ka iya lalacewa, a rukunin gidaje kuma da kuɗin gadi da shara. Ka sa a rubuta maka jimillar kafin ka ce kana so. Kada ka biya shekara biyu. Kada ka tura ko sisi daga Sakkwato a kan hoto. Ka ga gidan, ka ga mai gidan ko lauyansa, ka biya ta banki cikin asusun da sunansa ya dace da na takarda, ka karɓi rasit. Abu ɗaya da nake roƙon kowane soja ya nema a cikin yarjejeniya shi ne sharaɗin canjin wurin aiki: in aka ɗauke ka ko aka ba ka gida a bariki kafin shekara ta cika, a yarda ka kawo wanda zai ƙarasa, ko a mayar maka da ragowar kuɗinka in an samu sabon ɗan haya. Masu gida da yawa suna yarda in an yi maganar tun farko cikin mutunci, kusan babu mai yarda in an kawo ta daga baya.

Fuloti kuwa, ka bar shi yanzu. Zama a wuri ɗaya a aikinmu galibi shekara biyu zuwa uku ne, wani lokaci ko hakan ba a kaiwa. Kuma a cikin Abuja ministan birnin ne kaɗai ke da ikon ba da fili, takardar mai unguwa ko ta ƙaramar hukuma ba ta hana rusau. In ka zauna shekara guda ka san gari, kana da sha'awa, sai ka kai lambar filin ofishin AGIS mai adana bayanan filayen Abuja a bincika, ko takwaransa NAGIS in a Nasarawa ne, ko ka duba tsarin gidaje na bayan ritaya da rundunar ke da shi, irin rukunin da ke Kurudu.

Abin da zan yi da ni ne

Zan taho ni kaɗai tukuna. In sauka a mes, wato masaukin hafsoshi, ko wurin abokin aiki, in sa sunana a layin gidajen bariki a ranar da na kai kaina, in nemi izinin zama a waje a rubuce, in kuma roƙi tsohuwar rundunata ta bar iyalina a inda suke har ƙarshen zangon karatu. A cikin makonnin nan zan gwada hanyoyin da kaina, a lokacin da zan riƙa bin su da gaske: safiyar Litinin, yammacin Juma'a, da ranar da aka yi ruwa. In kwana a Kubwa in fito, in kwana a Mararaba wurin abokin nan in fito, ina duba agogo daga ƙofar gida zuwa ƙofar bariki. Ana ta aikin hanyoyi a Abuja, kuma abin da agogonka ya nuna maka a wannan watan ya fi abin da na faɗa maka ƙarfi.

Cikin ukun da ka kawo, Kuje ta fita. Mararaba tana yiwuwa ne kawai in gidan yana kusa da babban titi, da ruwa tabbatacce, kuma ka amince har zuciyarka cewa sallar asuba a masallacin bariki za ka riƙa yin ta. Ga mai yara ƙanana da kwas a gabansa, ni Kubwa zan ɗauka, ɗaki biyu, kusa da babban titi kuma kusa da yayar matarka, ko da ya fi matsi. Zan kuma ƙara maka na huɗu da ba ka kawo ba, wato Karu Site, ka duba shi kafin ka yanke.

Shawarata tana da iyaka. Ina magana ne daga aikin sojan ƙasa da kuma abin da na gani a zamanina, kuɗin haya kuma yana sauyawa tsakanin damina da rani, balle shekara da shekara. In kwamandanka yana da doka a kan nisan da hafsoshinsa za su zauna, dokarsa ta shafe duk abin da na rubuta. Kuma irin aikin da za ka riƙe yana iya juya zaɓin. Ka sake kiran wanda za ka canza, ka tambaye shi sau nawa aka neme shi bayan an tashi aiki a wata ukun da suka wuce, da ƙarfe nawa ya saba barin ofis. In ya ce jefi-jefi ne, ku tafi Kubwa. In ya ce kusan kowane mako ne, ka ba matarka da yayarta haƙuri, ka nemi Karu, ziyara kuma a riƙa yin ta ranar Asabar.